Tabo da Canjin Launi a Famfo, Masai da Wurin Wanka: Tambayoyin da Mutanen Yamai Suka Fi Yi

Duk mai aikin famfo a Yamai ya saba da wannan ƙorafin. Maigida ya kashe kuɗi ya sa karo da masai na tangaran fari fat, ba a rufa shekara ba sai ga jan layi ya sauko daga bakin famfo, ko kan shawa ya yi fari ya toshe, ko gindin famfon madafa ya yi kore. Daga nan sai a fara zargin mai shara da wanke-wanke, ko a aiki yaro kasuwar Katako ya sayo asid. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa, daga masu ruwan kamfani har masu rijiyar burtsatse a sababbin unguwanni. Roƙona shi ne a dubi launin tabon da kyau kafin a taɓa shi, domin kowane launi da abin da ke kawo shi, kuma maganin wani yakan ƙara wa wani ƙarfi.

Kullum muna wanke banɗaki, me ya sa har yanzu yake canza launi?

Domin ruwa ba ya zuwa shi kaɗai. Ko ka gan shi garau a kofi, yana ɗauke da narkakkun ma'adinai da ya kwaso daga ƙasa ko daga bututun da ya biyo. Idan ɗigo ya tsaya a kan tangaran ya bushe, ruwan ne ke tashi, ma'adinin kuwa yana nan zaune. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ɗigo ba ya daɗewa bai bushe ba, wani ya sauko a kansa, a haka har ya zama tabon da sabulu ba ya kamawa.

Tabo yakan fito daga ruwan kansa, ko daga bututu da famfon da ke lalacewa, ko ƙananan halittu masu son danshi, ko abin da mu da kanmu muke zubawa. Biyun farko ba ruwansu da ƙazanta ko kaɗan. Ina faɗin haka ne saboda na sha ganin ana ɗora wa uwargida ko ƴar aiki laifin tabon da ko wuni za ta yi tana dirza ba zai fita da omo ba.

Jan tabon nan da ke sauka daga bakin famfo zuwa magudana, mene ne shi?

Tsatsa ce, wato ƙarfe, kuma shi ne tabon da aka fi kuka da shi. Ƙarfen da ke cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa narkakke ne, ido ba ya ganinsa, domin can ƙasa babu iskar da za ta juya shi. Da zarar ruwan ya fito ya haɗu da iska sai ƙarfen ya koma jan gari mai laushi ya manne a inda ya sauka. Shi ya sa mai rijiya zai rantse maka ruwansa garau yake fitowa, kuma gaskiya ya faɗa, amma ka leƙa masansa ka gan shi ja wur. Ba sai ƙarfen ya yi yawa ba: miligiram 0.3 a lita ɗaya ya isa ya ɓata tangaran da fararen tufafi. Wanda ya dubi jar marmarar da ke kan tuddan da suka kewaye Yamai ba zai yi mamaki ba, domin jan nan ƙarfe ne, kuma ruwan rijiyoyi da dama ta irin wannan ƙasar yake ratsowa.

Hanya ta biyu ita ce tsohon bututun ƙarfe mai rufin tutiya, wanda masu gyara ke kira galba. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni da shi aka ja musu ruwa. Shekaru na tafiya tutiyar na cinyewa daga ciki, ƙarfen ya fara tsatsa, ramin bututun ya ƙuntata. Idan aka yanke irin wannan bututun za a tarar da cikinsa ya yi ƙulli-ƙulli ja, wani lokaci hanyar ruwan da ta rage ba ta wuce kaurin fensir ba. Jan tabo tare da raguwar ƙarfin ruwa a gida guda, bututu ne abin zargi na farko.

A lura da siffar tabon kuma. Dogon layi guda daga bakin famfo zuwa ramin magudana alama ce ta famfo mai ɗiga. Layukan da ke saukowa daga ƙarƙashin leɓen masai alama ce ta tankin masan yana zubar da ruwa a hankali dare da rana. In ba a canja ƴar robar da ta mutu ba, ko an goge tabon yau zai dawo kafin wata.

Ta yaya zan gane ko daga ruwan ne ko daga bututun gidana?

Da sassafe, kafin kowa ya buɗe famfo, ka tari ruwan farko a farin bokiti. Ka bar famfon ya zuba na minti biyar, ka sake tara a wani. Idan na farko ne ja na biyu garau, tsatsar ta cikin gidanka ce, ruwan ya kwana ne a bututu ya kwaso ta. Idan duka biyun launinsu ɗaya, ka tambayi maƙwabta. In su ma haka nasu yake, abin daga waje ya zo. In famfo ɗaya ne kawai a gidan ke yin haka, guntun bututun da ke kai masa ruwa ne, ko wani mahaɗin ƙarfe da aka sa a bayansa. In ruwan zafi ne kawai ke da launi, tukunyar ɗumama ruwa ce ta fara tsatsa.

Ga mai rijiya akwai gwajin kwalba. Ka cika kwalba mai haske da ruwan da ya fito kai tsaye daga rijiyar, ba na tanki ba, ka bar ta a buɗe ta kwana. Ruwan da ya fito garau ya wayi gari rawaya ko da jan gari a gindi, narkakken ƙarfe ne. Wanda ya fito da duhunsa sannan ya kwanta ya washe, laka ce ko tsatsar da ta riga ta haɗu. Wannan bambancin shi ne zai nuna irin matatar da za ta yi maka aiki, kamar yadda na bayyana a amsar maganin dindindin can ƙasa.

In aka ɗauke ruwa ya dawo sai ya zo ja. Wannan na ɓata kaya?

Yana ɓatawa idan aka bar shi ya shiga tankin masai da injin wanki. Akasarin ruwan famfon Yamai daga kogin Isa ake ɗebo shi, a tace a tashoshin Goudel da Yantala. A kowane gari na duniya ɗan gari-gari yakan kwanta a cikin manyan bututu. Idan ruwa ya tsaya, bututun ya cika da iska, sannan ruwan ya dawo da ƙarfi, sai ya taso da abin da ya kwanta. An fi ganin haka da bazara lokacin ƙarancin ruwa, da bayan an gyara fashewar bututu a layi. Da damina kuma kogin kansa yakan yi ja saboda lakar da Sirba da Dargol da Gorouol ke kawowa, aikin tacewa ya ƙara nauyi.

Abin yi mai sauƙi ne. In ruwa ya dawo, a fara buɗe famfon tsakar gida, wanda ya fi kusa da mita, a tara a bokiti don ban ruwan shuka ko yayyafin ƙasa har sai ya washe, sannan a buɗe na cikin ɗaki. Kada a yi wankin fararen kaya a ranar. In kwana biyu suka wuce bai washe ba, a sanar da kamfanin ruwa, ƙila akwai inda bututu ya fashe ƙasa na shiga.

Farin ɓawon da ke toshe kan shawa yana dusashe ƙyallin famfo fa?

Wannan kalkar ne a bakin masu gyara, wato sinadarin farar ƙasa da ruwa ya narkar daga duwatsu. Shi ne dai farin ɓawon da ke taruwa a gindin butar shayi. Zafi na hanzarta shi, don haka ya fi kama tukunyar ɗumama ruwa, kan shawa, da bututun da ke shan rana a kan rufi. Yakan fara taruwa sosai idan nauyin ruwan, wato yawan wannan ma'adinin a cikinsa, ya kai wajen miligiram 200 a lita. Ruwan kogi ba shi da wannan nauyin, shi ya sa masu ruwan kamfani a Yamai ba su cika fama da shi ba kamar masu wasu rijiyoyin. A ƙasar Adar kuwa, inda dutsen farar ƙasa ke da yawa har aka kafa masana'antar siminti a Malbaza, wanda ya zauna a jihar Tahoua ya san shi sarai.

Gane shi ba wuya. A kankaro kaɗan a ɗiga masa binegar ko ruwan lemun tsami, in ya yi kumfa yana ƙara siii, shi ne. Yana da wata illa da ba a cika lura da ita ba: kaushinsa na riƙe tsatsa da ƙura da sabulu, sai ka ga ɓawon da asalinsa fari ne ya koma rawaya ko ruwan ƙasa. Sau da yawa in aka narkar da kalkar ɗin, launin da ke kansa na tafiya tare da shi.

Gindin famfona ya yi kore, wani wuri shuɗi-shuɗi. Gansakuka ce?

A taɓa a ji. In yana da santsi yana fita da yatsa, kuma wurin na samun haske, gansakuka ce. In ya bushe ya kama ƙam, jan ƙarfe ne ke narkewa, ko daga bututun jan ƙarfe, ko daga tagullar da aka ƙera cikin famfon da ita. Ruwa mai ɗan tsami, wanda ma'aunin tsaminsa, wato pH, ya gaza 6.5, shi ne ke cin waɗannan ƙarafan, kuma ruwan rijiya mara nauyin ma'adini yakan kasance haka. Jan ƙarfe na fara tabo idan ya wuce miligiram 1 a lita, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa iyakarsa a ruwan sha a miligiram 2.

Ni wannan launin ya fi damuna fiye da ja. Ruwan da ke cin jan ƙarfe yana iya cin dalmar da ke cikin tsohuwar haɗar bututu da wasu famfunan tagulla, ita kuwa dalma ba ta da launi ba ta da ɗanɗano, kuma tana yi wa ƙwaƙwalwar yara illa. Gidan da ke ganin koren tabo, kada a sha ruwan farko na safe, kada a dama wa jariri madara da shi, kuma kada a yi girki da ruwan tukunyar ɗumama ruwa.

Baƙin tabo kuma daga ina?

Baƙi iri-iri ne. Akwai na manganis, ɗan'uwan ƙarfe da sukan fito tare a ruwan rijiya. Shi yakan yi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu a daidai layin da ruwa ke tsayawa a masai, da cikin tankinsa, kuma kaɗan ƙwarai ya isa ya yi tabo, ƙasa da abin da ƙarfe ke buƙata nesa ba kusa ba. Akwai fumfuna, wadda ke fitowa ɗigo-ɗigo a tsakanin karo da kan farar robar da ake liƙe gefen kwami da ita, musamman da damina a banɗakin da ba taga. Akwai kuma baƙin da ke shafar hannu kamar an taɓa gawayi: wannan robar cikin famfo ce ko ta tiyon shawa ta tsufa tana narkewa, canja ta kawai za a yi.

In baƙin ya zo da warin ruɓaɓɓen ƙwai, har azurfar mata da cokula na yin duhu, iskar farar wuta ce a cikin ruwan. Takan fito daga rijiya, takan kuma taso a cikin tukunyar ɗumama ruwa da aka daɗe ba a kunna ba. Jabel, wato ruwan kulorin da ake wanke fararen kaya da shi, na kashe fumfuna, amma yana ƙara wa tabon manganis duhu, don haka a karanta amsar jabel kafin a zuba.

Akwai wani santsi mai launin ruwan hoda a kusurwar wurin wanka. Daga ruwa yake?

Galibi ba daga ruwan ba ne. Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Serratia marcescens, wadda ke cikin ƙasa da ƙura, tana kuma son danshi da ragowar sabulu. Ta fi yaɗuwa inda ruwa ya daɗe a tanki har sinadarin kulorin da kamfani ya sa ya fice. Mai lafiya ba ta cika yi masa komai ba, amma tana iya shiga rauni, ido ko mafitsarar wanda jikinsa ya yi rauni, don haka gidan da ke jinyar tsoho ko mai sabon tiyata a kula. A goge da sabulu, a bi da jabel da aka sirka, a ɗauraye, a riƙa barin wurin yana bushewa.

Na buɗe murfin tankin masai na ga wani jan abu mai yauƙi. Mene ne?

Madalla da ka buɗe, domin tankin masai shi ne wurin da ya fi nuna gaskiyar ruwan gida, tunda ba mai wanke shi. Abin da ka gani aikin wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke rayuwa da ƙarfen cikin ruwa. Sukan yi kauri a bangon tankin da jikin robar da ke tasowa, in ka sa yatsa ka ɗago sai ya biyo kamar yauƙin kuɓewa, wani lokaci da ɗan ƙyalli a saman ruwan kamar an ɗiga mai, da warin fadama. Ba a san su da jawo cuta ba, amma suna toshe matata da bututu, suna rage ruwan rijiya. In suna tankin masai, to suna cikin rijiyar da babban tankin ma, sai an kira masu aikin rijiya sun wanke ta da kulorin mai ƙarfi.

Na zuba jabel, tabon ya ƙara ja. Me ya faru?

Hajiya, ba ke kaɗai ba ce, kusan kowa da jabel yake farawa. Abin da iska ke yi wa narkakken ƙarfe a hankali, shi jabel ke yi nan take: ya juya shi tsatsa ya kafe shi. Haka yake yi wa manganis. Shi ya sa farar shadda da aka jiƙa a jabel da ruwan rijiya mai ƙarfe take fitowa rawaya. Jabel na abu mai rai ne, wato fumfuna, gansakuka da santsin ruwan hoda. Tsatsa da kalkar da koren jan ƙarfe kuwa abu mai tsami ke narkar da su. A kuma guji barin jabel ya kwana a kwamin baƙin ƙarfe mara tsatsa, yana yi masa ƙananan ramuka.

Asid ɗin da ake sayarwa a kwalba ba suna fa? Yana fitar da tabo nan take.

Yana fitarwa, ban musa ba, amma na fi ganin ɓarnarsa fiye da amfaninsa. Yawancinsa asid ne mai ƙarfi irin wanda magina ke wanke siminti da shi. Yana cinye simintin da ke tsakanin karo har ruwa ya fara shiga ƙarƙashi. Ko tururinsa kaɗai na ɓata ƙyallin famfo, ya sa ƙusoshi da maƙalan ƙofa tsatsa. Banɗakin da ake wankewa da shi a kai a kai za ka ga famfunansa sun yi baƙi-baƙi, murfin magudana ya cinye. In ya zama dole, a tsaya a cikin kwamin masai na tangaran kawai, da safar hannu, ƙofa da taga a buɗe, a kuma kora da ruwa mai yawa.

Abin da ba sassauci a kansa shi ne haɗa asid da jabel, ko a bokiti ɗaya ko a zuba ɗaya bayan ɗaya ba a ɗauraye ba. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma a ƙaramin banɗaki rufaffe tana iya kai mutum asibiti ko ta kashe shi. Binegar ma in ya haɗu da jabel haka ne. Wanda ya shaƙa ya fita iska nan da nan, in tari ko ƙuncin ƙirji ya ci gaba a kai shi likita. Don Allah kada a ajiye asid a gorar ruwan sha ko ta lemo a gidan da ke da yara.

To da me zan goge daga cikin abin da ke gida?

Binegar fari da ruwan lemun tsami su ne na farko. Sirrin shi ne lokaci, ba ƙarfin hannu ba. A jiƙa tsumma a naɗe bakin famfon da shi na rabin awa zuwa awa ɗaya, a goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. Kan shawa a kwance shi a tsoma a kwano, ko a ɗaure masa leda mai binegar. Ga tsatsa a tangaran, lemun tsami da ɗan gishiri a bari ya jima na aiki, sai dai tsohon tabo na buƙatar a maimaita. Jiƙaƙƙiyar tsamiya na fito da hasken tagulla da jan ƙarfe, iyayenmu sun daɗe da sanin haka. Tsatsar da ta ƙi waɗannan, a nemi maganin tsatsa na kanti mai suna da bayani a jikinsa. Kada dai a sa abu mai tsami a kan dutsen mabul, ko a bar shi ya daɗe a famfo mai ruwan zinariya ko baƙin fenti.

Kanwa da toka suna cire maiƙo da dauɗar sabulu, amma ba sa narkar da kalkar ko tsatsa. Yashi da soson ƙarfe kuwa su ne manyan maƙiyan tangaran, dalilin na cikin amsa ta ƙarshe.

Cikin masai ya yi rawaya mai tauri, ga zarni ko an wanke.

Gishirin fitsari ne ya haɗu da kalkar ya daskare, yawanci a ƙarƙashin leɓe da cikin lanƙwasar da ruwa ke tsayawa. Ya fi yawa a gidajen da ƙarancin ruwa ya sa ba a korawa kowane lokaci, da masallatai da makarantu. A kwashe ruwan ramin, a zuba binegar mai yawa ya kwana, a goge da safe. Ko buta ɗaya aka riƙa korawa da ita bayan kowane fitsari, ta rage shi ƙwarai.

Famfon sabo ne, wata uku ya fara ɓarewa yana ƙuraje. Ruwan ne?

Sau da yawa famfon ne. A Katako za ka ga guda biyu masu ƙyalli iri ɗaya, kuɗinsu ya bambanta ninki uku ko fiye. Mai kyau cikinsa tagulla ce, mai araha kuwa haɗin tutiya ne da aka yi wa siririn rufi mai ƙyalli. Da ruwa ya sami ƴar kafa ya shiga ƙarƙashin rufin sai tutiyar ta kumbura, ta yi farin gari, rufin ya tashi. Wannan ba ya goguwa. Wajen saye a ɗauka a ji nauyi, a leƙa cikin zaren da ake murɗawa: tagulla rawaya ce, tutiya kuwa toka-toka.

Kwamin wanke-wanke na baƙin ƙarfe mara tsatsa da ya yi ɗigon tsatsa, galibi ba shi ne ya yi ba. Burbushin soson ƙarfe ne, ko gwangwanin tumatir ko wuƙa da aka bari a jiƙe a kansa. Lemun tsami da soso mai laushi na fitar da shi.

Akwai tabon da mu ne ke jawo shi ba ruwa ba?

Akwai. Tofin goro a kwamin wanke hannu na barin ja mai kama da tsatsa. Lalle da rinin gashi na kama simintin tsakanin karo da kwamin roba. Ragowar shayi da ake zubarwa kullum a wuri ɗaya na yin ruwan ƙasa. Ƙurar hunturu in ta sauka a jiƙaƙƙen wuri takan yi jan zobe. Waɗannan duka in aka kora da ruwa nan take ba sa zama, kuma wurinsu ba ya bin hanyar ɗigon famfo, ta haka ake bambanta su da na ƙarfe.

Ruwan da ke yin tabo, ana iya shansa?

Ya danganta da tabon. Ƙarfe a yawan da aka saba samu yana ɓata ɗanɗano ya sa shayi baƙi, amma ba a ɗauke shi haɗari ga lafiya ba. Kalkar ma haka, ba ya cutarwa. Manganis daban ne: a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauko da iyakarsa zuwa miligiram 0.08 a lita saboda illarsa ga ƙwaƙwalwa, musamman ta jarirai masu shan madarar gwangwani. Koren tabo kuwa na riga na faɗi abin tsoronsa.

Abin da nake so masu rijiya su riƙe shi ne rashin tabo ba shaidar lafiyar ruwa ba ce. Sinadarin naitiret da ke tsiyayowa daga masan rami zuwa rijiyoyin cikin gari ba ya tabo, iyakarsa miligiram 50 a lita. Sinadarin fulorayid ma ba ya ɓata tangaran, haƙora da ƙashi yake ɓatawa in ya wuce miligiram 1.5 a lita, kuma ƴan Nijar ba su manta da yaran Tibiri ta jihar Maradi ba, waɗanda ruwan rijiyar burtsatse mai yawan fulorayid ya lanƙwasa musu ƙafafu. Ƙwayoyin gudawa da taifot ma ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya haƙa rijiya ya kai ruwanta a auna kafin iyali su fara sha. A nan Yamai akwai ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, da ke irin wannan aikin.

Tankin da ke kan rufi na da hannu a ciki?

Sosai ma. Duk lakar da ta shigo gidan a gindinsa take kwanciya, ranar da ruwa ya yi ƙasa sai ta biyo bututu. Tankin roba mai haske ko mara murfi na yin gansakuka, na ƙarfe na yin tsatsa, haka ma duron da ake tara ruwan ƴan garuwa a ciki. A zaɓi mai duhu mai murfi, a sa bakin fitar ruwa ya ɗan ɗaga daga gindi, a kwashe a wanke aƙalla sau biyu a shekara, bayan damina da bayan hunturu.

Ina da rijiya mai ƙarfe. Akwai maganin dindindin?

Akwai, amma a fara da awo don kada a sayi abin da ba zai yi aiki ba. Ƴar matatar nan mai farin zare da ake ɗaurawa a bututu tana tare laka da tsatsar da ta riga ta haɗu ne kawai. Narkakken ƙarfe wuce ta yake yi, ya je ya yi ja a masai. Shi sai an ba shi iska tukuna. Dabarar da ta fi dacewa da aljihun yawancinmu ita ce ruwan ya faɗo cikin tanki na farko ta kan shawa ko faranti mai huji-huji daga ɗan sama, ya sha iska, ya kwana ya kwanta, sannan ya bi ta duro mai tsakuwa da yashi zuwa tanki na biyu da ke ba gida. Yashin na buƙatar wanki lokaci-lokaci. Manganis ya fi ƙarfe taurin kai, iska kaɗai ba ta cika isarsa ba, yakan buƙaci matata ta musamman.

Ga kalkar akwai na'urar tausasa ruwa mai aiki da gishiri, sai dai a yi lissafin kuɗin gishirin da kulawarta kafin a saya. Ga ruwa mai tsami ana ratsa shi ta tsakuwar farar ƙasa. In kuwa gwajin safe ya nuna galba ce, ba matatar da za ta taimaka, sai a canja zuwa bututun roba, a kuma binne shi ko a rufe shi daga rana don kada ya bushe ya fashe.

Na gwada komai tabon bai fita ba. In haƙura?

A shafa wurin da yatsa a kwatanta da gefen da ba tabo. Tangaran na da siririn rufi mai santsi irin na gilashi, shi ke hana dauɗa shiga. In yashi, soson ƙarfe ko asid na shekaru sun cinye rufin, wurin zai yi kaushi ya daina ƙyalli, launin kuma ya shige cikin jikin yumɓun. Irin wannan ba ya fita, kuma ƙara dirza ƙara buɗe shi ne. Kwamin roba da ya yi rawaya saboda rana ko tsufa shi ma haka. Ana iya ci gaba da amfani da shi muddin bai tsage ba. In za a canja, a fara gyara ɗigon da matsalar ruwan kafin a ɗaura sabon, a kuma ajiye soso mai laushi da tsumman tsane ruwa a banɗakin tun ranar farko.